Ɗaya Pillars Ɗin: Tarihin Masu Gida a Fagen Ƙwallon Kwando

Idan mutum ya zauna a majalisar masu shayi a bakin tashar Birnin Gwari ya ambaci Kano Pillars, babu mai tambayarsa wacce yake nufi. Nan take za a ɗauko zancen ƙwallon ƙafa, a tuna masa da shekarar 2009 da Masu Gida suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, a lissafo masa kofunan ƙasa guda huɗu na 2008 da 2012 da 2013 da 2014. To, amma akwai wata Pillars ɗin, wadda ita ma a Ƙofar Mata gidanta yake, cikin harabar filin wasa na Sani Abacha, sai dai ita da hannu take wasanta, a cikin zaure mai rufi. Wannan ita ce ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars, kuma tarihinta nake so in ɗan gutsura wa 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa, domin abu ne da muka bar wa shafukan bayan jaridun Turanci, alhali kuwa a ƙofar gidanmu ya faru.

Ni dai farkon ganina da wannan wasa a wata makarantar sakandare ne a nan ƙasar Birnin Gwari. Sanda biyu aka kafa a kan fako, aka ɗaura wa kowacce tsohon wilin keke da aka zare wa wayoyinsa, shi ke nan an yi fili. Ƙwallo ɗaya ce tal, ita ma sai malamin wasanni ya ga dama yake fito da ita daga ofis. Idan damina ta sauka ciyawa ta cinye filin, sai a jingine wasa har kaka. A lokacin babu wanda ya taɓa faɗa mana cewa akwai mutanen da wannan wasa shi ne abincinsu, balle a ce a Kano suke.

Kafin mu shiga Kano, ya kamata mai karatu ya san asalin abin. Wani malami ɗan ƙasar Kanada mai suna James Naismith ne ya ƙago wasan a watan Disamba na 1891, a garin Springfield na jihar Massachusetts ta Amurka. So yake ya samar wa ɗalibansa abin motsa jiki a cikin ɗaki lokacin hunturu, sai ya kafe kwandunan 'ya'yan itace guda biyu a jikin bene, tsawon ƙafa goma daga ƙasa, ya rubuta dokoki 13. Ashe ke nan Bahaushen da ya raɗa wa wasan suna ƙwallon kwando bai yi kuskure ba, kwandon gaske aka fara jefa wa ƙwallo. Har yau tsawon nan na ƙafa goma bai canza ba. Mutum biyar-biyar ake yi, a fili mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15, a buga zango huɗu na minti goma-goma. Jifa daga kusa maki biyu, daga bayan layin nesa maki uku, jifan tara kuwa maki ɗaya. Duk ƙungiyar da ta karɓi ƙwallo daƙiƙa 24 kawai gare ta ta yi jifa, in ba haka ba ta rasa ta. Wannan ne ya sa wasan ba ya barin ɗan kallo ya yi gyangyaɗi.

An kafa hukumar wasan ta duniya, wato FIBA, a 1932, Nijeriya kuma ta shiga cikinta a 1964. A Ikko wasan ya fara kafuwa, daga nan ya bi makarantun kwana da barikoki ya hauro Arewa. Abin lura a nan shi ne, ƙwallon ƙafa ba ta bukatar komai sai fili da tsumma, shi ya sa ta shiga kowane lungu. Ƙwallon kwando kuwa tana son daɓen siminti, da ƙarfe, da allo, in kuma gasa za a yi ta sosai sai da zaure da wutar lantarki. Saboda haka tun asali wasa ne na makaranta da na birni, kuma duk inda ka gan shi ya yi ƙarfi a ƙasar nan, to ka duba da kyau za ka tarar da hannun hukuma ko na wani babban kamfani a bayansa. A riƙe wannan magana, za mu dawo gare ta.

Ba a iya ba da labarin ƙwallon kwando a Arewa a tsallake Zariya. A Jami'ar Ahmadu Bello ne wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson, wanda almajiransa ke kira Koci OBJ, ya share shekaru masu yawa yana horar da yara, na jami'a da na cikin Samaru da kewaye. Daga cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970 amma a Zariya ya tashi. Wannan yaro na Zariya shi ne ya zama gwarzon shugabannin ƙungiyoyi na gasar NBA ta Amurka a 2013 yana tare da Denver Nuggets, sa'an nan ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Haka kuma Hakeem Olajuwon, wanda ya ci kofin NBA sau biyu a jere da Houston Rockets a 1994 da 1995, duk da cewa ɗan Ikko ne, a wani bikin wasannin makarantu da aka yi a Sakkwato ne ya fara buga gasar ƙwallon kwando, bayan da can ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu yake yi. Na kawo waɗannan ne don kada wani ya ɗauka wasan baƙo ne a ƙasar Hausa. Ga kuma Bikin Wasanni na Ƙasa da aka fara a 1973, wanda Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 1977. Shi ya tilasta wa kowace jiha ta tanadi 'yan wasa a kowane fanni, har da wannan, don kada a je gaban jama'a a ji kunya.

A irin wannan ƙasa ce Pillars ta tsiro. Kowa ya san an kafa Pillars ta ƙwallon ƙafa a 1990, bayan da aka haɗe wasu ƙungiyoyi uku na Kano wuri guda. Amma wanda ya buɗe kundin gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka ta ƙwallon kwando zai tarar da sunan Kano Pillars a matsayi na uku tun a 1985, a gasar da aka yi a Maputo ta ƙasar Mozambik wadda Maxaquene ta masu masauki ta cinye, ya kuma sake tarar da shi a matsayi na uku a 1987 a Iskandariya, inda Al Ittihad ta Masar ta ɗauki kofi. Wato dai kafin 'yan ƙwallon ƙafa su fita da wannan suna, 'yan kwando sun riga sun kai shi ƙetare sun dawo da lambar tagulla har sau biyu. Ƙane ya yi suna har ya rufe wa, abin da ba a rasa gani ko a cikin gidajenmu.

Mallakar ƙungiyar a hannun gwamnatin jihar Kano take, kamar yadda akasarin manyan ƙungiyoyin wasanni na ƙasar nan suke a hannun gwamnatocin jihohi. A nan ne kalmar nan ta "ƙwararru" take bukatar a yi mata bayani. A Amurka ko Turai, ƙungiyar ƙwararru kasuwa ce: tana sayar da tikiti, tana sayar da riguna, gidajen talabijin suna biyanta don su nuna wasanninta, da wannan kuɗi take biyan 'yan wasa. A wurinmu kuwa ɗan wasan ƙwararre ne ta fuskar cewa albashi yake ɗauka kuma ba shi da wata sana'a sai wannan, amma albashin daga baitulmalin jiha yake fitowa. Amfanin wannan tsari shi ne ƙungiya ba ta mutuwa don 'yan kallo sun yi ƙaranci. Illarsa kuma ita ce, ranar da mai mulki ya juya baya, ko aka yi canjin gwamnati aka shiga lissafin wasu abubuwan, ƙungiya ba ta da wata rijiya da za ta ɗebi ruwa. Wanda ya dogara da tuwon gidan wani, ba shi ke faɗin lokacin da za a kwashe ba.

Babbar gasar ƙasa an raba ta gida biyu ne saboda nisan tafiya da tsadarta: rukunin Savannah na ƙungiyoyin Arewa, da rukunin Atlantic na ƙungiyoyin Kudu. Kowane rukuni zai kara a tsakaninsa, sa'an nan waɗanda suka yi fice su haɗu a gari guda a fitar da zakara. A rukunin Arewa, Pillars ta sha gwabzawa da irin su Kada Stars ta Kaduna, da Plateau Peaks ta Jos, da Niger Potters ta Minna, da Bauchi Nets, da Gombe Bulls, da Mark Mentors ta Abuja. A shekarun da kamfanin talabijin na DStv ke ɗaukar nauyin gasar, an samu natsuwa da tsari, ana fara kaka a gama ta, har ana nuna wasu wasannin kai tsaye. A cikin wannan natsuwa ne Pillars ta yi zamaninta.

Royal Hoopers ta Fatakwal, wadda daga baya ta koma Rivers Hoopers, ita ta riƙe kofi a 2011 da 2012. Daga nan sai Kano ta karɓe. Pillars ta ci a 2013, ta maimaita a 2014, Mark Mentors ta ƙwace a 2015, Pillars ta dawo da abinta a 2016, ta kuma riƙe a 2017. Kofi huɗu ke nan cikin shekara biyar. A lura kuma da 2013 da 2014: a waɗannan shekaru biyu Kano ce zakarar Nijeriya a ƙwallon ƙafa, ita ce kuma zakara a ƙwallon kwando, da suna guda, a harabar fili guda. An yi ta kiɗa da rawa saboda na farkon. Na biyun kuwa, Bakano nawa ne ma ya ji labari?

Mutumin da sunansa ya fi haɗuwa da wannan zamani shi ne Koci Sani Ahmed, wanda ya daɗe yana horar da ƙungiyar, ya kuma yi aiki da ƙungiyar ƙasa ta D'Tigers. A cikin fili kuwa akwai irin su Abubakar Usman da Abdul Yahaya, waɗanda dukkansu sun sa rigar Nijeriya suna 'yan wasan gida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙungiyar ƙasa ta daɗe da komawa hannun 'ya'yan Nijeriya mazauna Amurka da Turai, har ya zama da ƙyar ɗan wasan cikin gida yake samun gurbi. Wani abin da ya burge ni game da Pillars ta wancan lokaci shi ne ba ta tsaya tambayar ɗan wasa garinsu ko addininsa ba. Ka duba jerin sunayen 'yan wasanta za ka ga na Hausa, ka ga na Yarabawa, ka ga na Ibo da na tsakiyar ƙasa, duk ana yi musu kirari ɗaya na Masu Gida. Da ma haka Kano take tun zamanin fatake, duk wanda ya zo da abin kirki a hannunsa ɗan gari ne.

Ƙololuwar wannan tafiya ita ce watan Disamba na 2016 a Alƙahira. Don mai karatu ya gane nauyin abin, sai ya san da su wa ake karawa. Ƙungiyoyin Angola sun daɗe suna mamaye wannan gasa: Primeiro de Agosto ta sojojin ƙasar ce, Petro de Luanda kuwa kamfanin man fetur na ƙasa ne ke bayanta, ga kuma Recreativo do Libolo wadda ta ci kofin a 2014. Ƙungiyoyin Masar da Tunisiya da Maroko kuma suna da zauruka na zamani, suna iya ɗauko 'yan wasa daga Amurka su biya su da dala. A tsakiyar waɗannan giwaye Pillars ta kutsa ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta ƙare a matsayi na uku, Al Ahly ta masu masauki ta doke Libolo ta ɗauki kofi. Shekara 29 ke nan bayan tagullar Iskandariya. Shekara guda kafin nan, a 2015, D'Tigers ta doke Angola a wasan ƙarshe a Tunisiya ta ci kofin ƙasashen Afirka karo na farko a tarihi. Duk mai lura a lokacin zai ce gari ya waye wa ƙwallon kwando a Nijeriya.

Sai aka shiga 2017. A farkonta an yi murna, domin kamfanin talabijin na Kwesé ya karɓi ɗaukar nauyin gasar ƙasa da alkawarin shekara biyar, da kuɗin da suka zarce na da nesa ba kusa ba. Amma a watan Yuni sai lokacin zaɓen shugabannin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, ya zo, aka kasa daidaitawa a kan ƙa'idojin da za a bi. Ranar 12 ga Yuni wani ɓangare ya taru a Kano ya sake zaɓen shugaba mai ci, Tijjani Umar. Kashegari, 13 ga wata, wani ɓangaren ya taru a Abuja a ƙarƙashin tsarin ma'aikatar wasanni ta minista Solomon Dalung, ya zaɓi Musa Kida. Hukuma ɗaya, shugaba biyu. FIBA ta aiko da takarda ta ce ba ta gamsu da ko ɗaya daga cikin zaɓukan ba, amma ta ci gaba da hulɗa da ɓangaren Kida kan sha'anin ƙungiyoyin ƙasa, gasar cikin gida kuwa ta zauna a hannun ɓangaren Umar. An dai lallaɓa aka kammala kakar 2017, inda Pillars ta doke Gombe Bulls a wasan ƙarshe a gaban mutanenta a Kano. Ƙungiyoyin Arewa biyu a wasan ƙarshe na ƙasa, a zauren Ƙofar Mata. Wanda ya kalli wasan nan bai san bankwana yake yi da wani zamani ba.

Ba nufina ba ne in yanke hukunci tsakanin ɓangarorin nan biyu, kowanne yana da hujjojinsa da takardunsa, kuma magana ta kai gaban kotu. Abin da ya dame ni shi ne wanda ya kwana a ciki. Manyan suna da ofisoshinsu da sana'o'insu. 'Yan wasan ƙasa mazauna ƙetare suna da kwantiraginsu, shi ya sa ma ƙungiyoyin ƙasa suka ci gaba da haskakawa kamar babu abin da ke faruwa: matan D'Tigress sun ci kofin Afirka a 2017 da 2019 da 2021 da 2023 da 2025, mazan kuma sun doke Amurka da maki 90 da 87 a wasan share fage a Las Vegas a watan Yuli na 2021. Wanda ya shiga uku shi ne yaron da ke buga wa Pillars ko Kada Stars ko Bauchi Nets, wanda duka-duka shekara goma zuwa goma sha biyu gare shi na ƙarfin gwiwa da tsalle, aka cinye masa kusan rabinsu ana jayayya a kan kujera. Gasar ta rabu, wasu ƙungiyoyi suka bi nan wasu suka bi can, kamfanin Kwesé kansa ya rufe harkar talabijin a 2019, aka koma 'yan gajerun gasanni na mako ɗaya ko biyu don kawai a fitar da wakili. Gwamnan da ake roƙo ya fitar da kuɗi kuwa, me zai hana ya tambaya wace gasa za a buga da su?

Maimakon a ɗauki darasi, sai aka maimaita. A ƙarshen Janairu na 2022 aka sake yin zaɓe biyu rana ɗaya, Musa Kida a Benin, Igoche Mark a Abuja. A watan Mayu Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye Nijeriya daga duk wata gasar ƙwallon kwando ta duniya har shekara biyu. An soke wannan mataki a watan Yuni, amma kafin nan bakin alƙalami ya bushe: an ba Mali gurbin da matan Nijeriya suka sha wuya suka samu a gasar cin kofin duniya ta wannan shekara.

A nan zan ɗan ratse in koma gida, domin rigimar manya ba ita kaɗai ta daki wasan a Arewa ba. Ƙungiyoyinmu a mota suke tafiya, ba a jirgi ba. A watan Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Pillars ta ƙwallon ƙafa wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja, suka raunata 'yan wasa. Mu kuwa mutanen Birnin Gwari ba sai an ba mu labarin hanya ba. Tsohuwar hanyar da ta taso daga Ikko ta bi Jebba da Tegina ta ratsa garinmu zuwa Kaduna da Funtuwa ta shafe shekaru tana hannun 'yan bindigar da suka yi sansani a dazukan Kamuku da Kuyambana, har sai da aka ƙulla sulhu a ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu. A tsawon waɗannan shekaru makarantu da dama a karkararmu sun kasance a rufe. Na riga na faɗa cewa makaranta ce gonar wannan wasa. Dogon yaron da Allah ya yi a Kuyello ko Randagi, wanda da zai iya kaiwa Zariya wani koci ya gan shi, daga Zariya kuma ya wuce Ƙofar Mata, a wancan lokaci ko Kaduna bai isa ya je ba sai da rakiyar soja.

Abin da ya fi ciwo a tarihin Pillars shi ne lokacin da wannan duka ya faru. A watan Fabrairu na 2019 hukumar NBA ta Amurka da FIBA suka sanar da kafa sabuwar gasa ta ƙungiyoyin Afirka mai suna BAL, da ƙungiyoyi 12, da kuɗi, da talabijin, da masu farautar 'yan wasa daga ko'ina a duniya. Wannan ita ce kasuwar da ƙwallon kwando ta Afirka ta daɗe tana jira, wadda za ta iya mayar da ƙungiyar gwamnati ta zama mai cin gashin kanta. Aka kuma sa Nijeriya cikin ƙasashe shida da zakaransu zai shiga kai tsaye ba sai ya bi ta wasannin share fage ba, tare da Angola da Masar da Maroko da Senegal da Tunisiya. Da a ce an buɗe wannan ƙofa a 2014, ko 2015, ko 2017, ko 2018, to zakaran da ke riƙe da kofin Nijeriya a lokacin Kano Pillars ce. Amma sai a watan Mayu na 2021 aka buga kakar farko a Kigali, bayan annobar korona ta jinkirta ta, Zamalek ta Masar ta ci, kuma wadda ta wakilci Nijeriya ita ce Rivers Hoopers. A 2022 babu ƙungiyar Nijeriya ko ɗaya a gasar, rigimar hukuma ta jawo. A 2023 Kwara Falcons ta Ilorin ta je. A 2024 Rivers Hoopers ta koma, ta kuma zo ta uku a Kigali, daidai matsayin da Pillars ta samu a Alƙahira shekara takwas kafin nan, sai dai ita Hoopers duniya tana kallonta a talabijin lokacin da aka rataya mata tagullar.